Dodon Koɗi Mai Kai Wasiƙa

Ni Graciete, na haura saba'in.
Ɗakina na hawa na uku a Porto,
taga ɗaya na kallon kogin Douro,
ɗayar na kallon shanyar maƙwabta.

A da ni mai zane ce.
Mu huɗu a wani ɗaki saman gidan burodi,
shekara biyu muna gina wasa ɗaya tal:
dodon koɗi da jakar wasiƙu,
yana bin lungu, yana neman ƙofar da harafinta ya dace.
Abílio ya yi masa kiɗa da cokali da kofin shayi.
Mako uku muna gardama
kan abin da zai ce in yaro ya kuskure.
Daga ƙarshe muka bar shi ya sosa ƙaho
ya ce, "Ni ma na sha ɓata hanya. Mu sake."

Kamfanin da ya saye mu, wani ya saye shi,
wannan ma wani ya haɗiye shi da ƙaya.
Abílio ya rasu.
Fausto, na ji an ce, manhajar caca yake rubutawa a Lisbon.

Ran Lahadi aka kawo mini jikata Benedita,
shekararta huɗu, ta rungumo allon uwarta.
Na leƙa ta kafaɗarta.
An rubuta na ilimi ne, an rubuta kyauta ne.
Wata kyanwa mai idanu kamar faranti
tana zubar da hawaye sai an saya mata lu'ulu'u.
Taɓawa uku, talla.
Taɓawa uku, talla.
Ta dace, a watso taurari; ta kuskure, a watso taurari.
Wa ya zauna mako uku a kan wannan?
Zuma ce aka shafa wa ƙugiya,
yatsan yarinya na ta kai da komo,
fuskarta kuwa ko motsi.

Na tono faifan daga ƙasan akwatin zannuwa.
Kaf gidan, babu na'ura mai bakin karɓarsa.
Na ɗauki lema, na gangara wajen Telmo mai gyara,
ya hure ƙurar wata tsohuwar kwamfuta,
ta yi tari, ta yi gurnani, ta buɗe ido.
Shi da kansa ya hau da ita bene, yana haki,
bai karɓi ko sisi ba.
Ashe da dodon nan ya koyi baƙaƙe.

Benedita ta dangwali gilashi, shiru.
Ta sake dangwala. Ta harare ni.
Na ɗora tafinta a kan linzami, nawa a kan nata.
"Kaka, ba ya sauri."
Na ce haka Allah ya yi shi.

Ta kai wasiƙar B ƙofar D.
Ya sosa ƙaho.
Dariya ta kuɓuce mata har da faɗuwa,
ta sake kaiwa da gangan, sau biyar,
don kawai ta ji wani ya ce shi ma yana ɓata.

Da jaka ta ƙare, ya yi hamma,
ya ce, "Yau mun gama. Je ki duba ko ruwa ya ɗauke."
Ya shige koɗinsa. Allo ya yi duhu.

Ta jira talla.
Ta jira kyanwa.
"Ya ƙare?"
Ba ta taɓa ganin wasan da ke sallamar mutum ba.

Ruwan bai ɗauke ba, mun dai fita.
A jikin katangar coci ta tsinci na gaske,
ta tsuguna, ta tambaye shi ina jakarsa.
Da yamma uwarta ta zo,
tun kan su kai ƙasan bene
na jiyo kukan kyanwar nan.